Alhaji Umaru Salaga, Malamin Zango Mai Rubuta Abin da Ido Ya Gani

  

A bana mu ’yan babban aji aka ɗora wa rubuta tarihin wani daga cikin magabata, sai muka zaɓi Alhaji Umaru Salaga, wanda wasu ke kira Imam Umaru ko Alhaji Umaru Karaci. Dalilinmu biyu ne. Na farko, Bahaushe ne da ya yi rabin rayuwarsa a zango, nesa da ƙasar Hausa, kamar yadda kakanninmu suka zo suka zauna nan Duwala. Na biyu, malami ne da bai raina ƙananan abubuwa ba. Talauci, ciwo, kasuwa, gona, duk ya ga sun isa a ɗauki alƙalami dominsu.

Haihuwarsa da karatunsa

Sunansa Umaru ɗan Abubakar ɗan Usmanu. An haife shi a birnin Kano wajen shekarar 1858, amma asalin gidansu Kabawa ne, shi ya sa a littattafansa ake ganin laƙabin Alkabawi da Alkanawi. A Kano ya yi karatun allo, ya sauke Alƙur’ani tun yana yaro, sannan ya shiga karatun littattafai: fiƙihu, nahawu, lugga da waƙoƙin Larabawa. Ya kuma fita neman ilimi wajen malaman ƙasar Kabi da Sakkwato.

Tun yana saurayi aka gane hannunsa na rubutu ne. A 1877, bai wuce shekara ashirin ba, ya wallafa littafi da Larabci a kan yadda ake rubuta wasiƙa. Ku duba fa, ’yan’uwa, littafinsa na farko a kan abin da mutane ke bukata kullum ya yi shi. A lokacin babu waya, duk falken da ke son aika saƙo gida, ko sarkin da zai rubuta wa ɗan’uwansa sarki, sai ya nemi malami. Shi kuma ya tsara musu yadda ake buɗe wasiƙa da yadda ake yi wa kowa magana gwargwadon matsayinsa.

Hanyar Gwanja

Mahaifinsa falke ne, yana fataucin goro, kuma Umaru ya riƙa bin ayari tare da shi. Ayarin Gwanja ba wasa ba ne. Madugu ke shugabanta, jagaba na gaba yana duba hanya, jakuna ɗauke da kanwa da fatu da tufafin da aka rina a marinar Kano. Sai an yi watanni ana tafe, a haye Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, kafin a kai Salaga, wadda yau take arewacin Gana. Can ake sayen goron da ke fitowa daga dazuzzukan Asante, a ɗaure shi huhu-huhu a juyo da shi arewa. Gaskiya kuma dole a faɗe ta: Salaga babbar kasuwar bayi ce a wancan zamani.

Inda ayari ke sauka a kwana shi ake kira zango. Da fatake suka riƙa zama ba su koma ba, sai sunan ya bi unguwanninsu, har yau haka ake kiran unguwar baƙi Musulmi a Gana. Umaru ma daga baya ya zauna Salaga, ya buɗe makaranta, ɗalibai suka taru. A nan ya haɗu da wani Bajamushe mai nazarin harsuna, Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa suka raɗa wa suna Malam Musa.

A 1892 yaƙin basasa ya ɓarke a Salaga tsakanin gidajen sarauta. Kasuwa ta watse, fatake suka gudu. Malam Umaru ya ga wannan da idonsa, ya kuma sa shi cikin waƙa da Larabci. A 1896 shi ma ya tashi ya koma Kete-Karaci, a bakin kogin Bolta, ya zama limamin Kete, wato ɓangaren da fatake Musulmi ke zaune.

Zamanin Nasara

A lokacin Kete-Karaci na ƙarƙashin Jamusawan Togo. Waɗannan Jamusawa su ne dai suka riƙe Kamaru daga 1884, su ne kuma suka tayar da mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri suka ware musu wuri a bayan gari, wanda ya zama New Bell da muke ciki. Kun ga ashe tarihinsa da namu ba su yi nisa ba.

Malam Umaru ya yi waƙoƙi a kan zuwan Turawa, biyu da Larabci a 1899 da 1900, sannan Waƙar Nasara da Hausa wajen 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawan Ingila. A ciki ya jero garuruwa da sarakunan da aka ci ɗaya bayan ɗaya, ya nuna baƙin cikinsa a fili. Duk da haka, shi ne ya koyar da jami’in Jamus na yankin, Adam Mischlich, harshen Hausa, kuma Mischlich ya fitar da ƙamus na Hausa a 1906. Mun yi ta gardama a aji a kan wannan: yaya mutum zai yi kuka da mulkin mutane, kuma ya zauna yana karantar da ɗayansu? Abin da muka tsaya a kai shi ne a dubi abin da zaman ya haifar. Ta dalilinsa Malam Umaru ya cika takardu masu yawa da ajami, yana bayyana ƙasar Hausa kamar yadda ya san ta: yadda ake noma da abin da ake shukawa, sana’o’in hannu, ciniki, aure da al’adu, da tarihin garuruwa irin su Kabi. Da bai rubuta ba, da abubuwa da yawa na rayuwar talakan ƙarni na 19 sun bi masu su kabari. Har yau masana na komawa ga waɗannan takardu, wasu rubuce-rubucensa kuma suna ajiye a Jami’ar Gana da ke Legon.

Waƙar talaka da waƙar annoba

Cikin waƙoƙinsa na Hausa, wadda ta fi ratsa mu ita ce Waƙar Talauci da Wadata. A ciki ya ajiye matalauci da mawadaci gefe da gefe, ya nuna yadda jama’a ke ɗaukar kowannensu: ɗaya ko ya faɗi gaskiya ba a saurara, ɗaya kuwa ko me ya ce sai a yaba. Ya sa abinci da sutura da zaman taro su yi masa shaida. Wallahi duk wanda ya taɓa tsayawa a Kasuwar Kwango ya ga yadda ake amsa sallamar mai kuɗi da yadda ake amsa ta ɗan dako, ya san malamin bai yi ƙari ba.

A 1913 ya tafi aikin hajji, bai dawo ba sai wajen 1918. Kafin ya dawo Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kori Jamusawa, Kete-Karaci ta koma hannun Ingila. A 1918 ɗin ne kuma annobar mura ta game duniya, ta kashe miliyoyin mutane. Ta jiragen ruwa ta shigo Afirka ta Yamma, daga tashoshin bakin teku ta bi hanyoyin fatauci ta shiga cikin ƙasa. Alhaji Umaru ya yi mata waƙa da Larabci, amma ya bar mata sunanta na Hausa, Tunkuyau, sunan da ke tuna wa mai ji tunkuyin rago. Ya bayyana yadda ciwon ke kama jiki, ya haɗa da roƙon Allah sauƙi. Mu da muka ga zamanin korona, aka rufe makarantu, mun fahimci amfanin a sami wanda zai rubuta irin wannan lokaci.

Ya kuma fassara waƙoƙin Imru’ul Ƙaisi, mawaƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, zuwa Hausa, don ɗalibi ya gane abin da yake karantawa. Allah Ya yi masa rasuwa a Kete-Karaci a 1934. Ɗalibansa sun bazu a zangunan Gana, da yawa sun zama limamai da malamai. Tsohon garin da ya zauna kuwa ruwa ya cinye shi bayan an gina madatsar Akosombo a shekarun 1960, aka tayar da mutane zuwa tudu. Gidajen sun nutse, rubutun yana nan.

Abin da ya rage gare mu

Iyayenmu, a yi mana haƙuri mu faɗi abin da ke damunmu. Da yawa cikinmu a nan aka haife mu. Faransanci muke yi a lekol, a titi mu gauraya da wasu harsuna, Hausa kuma sai a gida, ita ma rabi da rabi. Masu iya karanta ajami a cikinmu ba su da yawa. Idan muka tafi a haka, wa zai rubuta labarin Hausawan Duwala da Hausa?

Har lokutan shekara ma namu daban ne. Kakanninmu sun zo da kalmomin bazara da damina da kaka da hunturu da rani. A nan kuwa ruwa kan ɗauki mafi yawan shekara, ya fi ƙarfi daga Yuli zuwa Satumba, har kwatoci su cika su shigo gidaje, rani kuma ɗan gajere ne, daga Disamba zuwa Fabrairu. Sanyin hunturun da ake ba mu labari, mai fasa leɓe da ƙafa, yawancinmu ba mu san shi ba. To damina irin ta Duwala ai ita ma tana son mai yi mata waƙa da Hausa.

Ba sai an yi doguwar waƙa ba. A ƙasar Japan akwai gajeriyar waƙa da ake kira haiku: ɗango uku kacal, gaɓa biyar, bakwai, biyar, kuma bisa al’ada sai an sa kalmar da ke nuna lokacin shekara. Babban gwaninta, Matsuo Basho, ya rayu daga 1644 zuwa 1694, shi ma matafiyi ne mai yawo da ƙafa yana rubuta abin da ya tarar a hanya. Mu ma muna da ’yar ƙwar biyu, baiti mai ɗango biyu da amsa-amo ɗaya, wadda ɗan aji uku ma zai iya gwadawa.

Saboda haka muna kira ga ’yan’uwanmu ɗalibai: kowa ya ware ’yan shafuka a bayan littafinsa. Duk mako ya rubuta baiti ɗaya ko biyu a kan abu guda da ya gani da idonsa, ko ƙarar ruwa a kan kwano lokacin sallar asuba, ko ɗan bensikin da ya naɗe wando yana ratsa ambaliya, ko hayaƙin mai tsire bayan isha’i, ko jirgin da ke jiran shiga tasha. A sa kwanan wata, a nuna wa malam ya gyara. Wanda ya iya ajami ya rubuta da shi, wanda bai iya ba ya nemi kakansa ya koya masa tun yana da rai. Iyaye kuma muna roƙo, idan yaro ya kawo muku baitinsa, ku saurara, ku gyara masa Hausar.

Allah Ya jiƙan Alhaji Umaru, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri, Ya ba mu ilimi mai amfani. Amin summa amin.