Ajayi Crowther, Bawan da Ya Zama Bishof

A wajen shekarar 1809 aka haifi wani yaro a Oshogun, wani gari a ƙasar Yarabawa, aka raɗa masa suna Ajayi. A 1821 mahara suka auka wa garin, suka sa masa wuta, suka kama yaron da uwarsa da ƙannensa. Ba a daɗe ba aka raba su. Aka yi ta cinikinsa daga wannan hannu zuwa wancan, har aka taɓa musanya shi da doki, da dokin bai gamshi mai shi ba aka warware cinikin. Duk yaron da ya taɓa raka ubansa kara a kasuwar Mai'aduwa ya ga yadda ake jujjuya dabba ana taya ta. To, haka aka yi wa Ajayi.

Daga ƙarshe Turawan Fotugal suka saye shi a Ikko, suka sa shi a jirgin ruwa. Ba su yi nisa ba, cikin 1822, sai jiragen yaƙin Ingila masu hana fataucin bayi suka tare su. Aka sauke bayin a Firitawun, ƙasar Saliyo, aka 'yanta su. Can Ajayi ya koyi karatu, ya shiga addinin Kirista a 1825, aka sa masa suna Samuel Crowther. Da aka buɗe kwalejin Fourah Bay a 1827, shi ne ɗalibinta na fari.

A 1841 ya shiga jirgin da Ingila ta aiko don binciken kogin Kwara, tare da wani Bajamushe mai suna Schön, wanda ya rubuta littattafai a kan harshen Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa a wannan tafiya, Crowther kuwa ya komo lafiya. Aka naɗa shi limamin Kirista a 1843. Bayan shekara uku, yana aiki a Abekuta, sai ga uwarsa, shekara ashirin da biyar rabonsu da ganin juna. A ranar 29 ga Yuni, 1864, aka naɗa shi bishof a Kantabari, shi ne baƙin mutum na farko da cocin Ingila ya ba wannan muƙami. Aka danƙa masa aikin mishan na bakin Kwara, daga gaɓar teku har ƙasar Nufe.

Abin da ya fi fitowa fili cikin halinsa shi ne rashin gaggawar yanke wa mutum hukunci. A cikin Linjila, Kirista suna karanta cewa Annabi Isa, wanda suke kira Yesu, ya gargaɗi almajiransa kada su ɗora wa kansu alƙalancin mutane, gama Allah kaɗai ya san zuciya. Ya yi musu misali da mai hangen ɗan haki a idon ɗan'uwansa, alhali ga gungume a nasa. Ya kuma yi musu misali da gonar da ciyawa ta tsiro cikin alkama, mai gona ya hana barorinsa tuge ta kafin kaka, don kada su haɗa da alkamar. Crowther ya riƙe wannan koyarwa da gaske. Ya zauna lafiya da Musulmi, ba ya zagin addininsu, ya kuma yi abota da Etsu Masaba, Sarkin Nufe, yakan je Bida ya gaishe shi. Wani Etsu na baya, Maliki, da barasar Turawa ta dami ƙasarsa, Crowther ya aika wa takarda don ya kai kukansa ga Sarauniyar Ingila.

Amma fa haƙurin nan ya jawo masa magana. Yawancin ma'aikatansa mutanen Saliyo ne, suna warwatse a garuruwan bakin kogi, albashi kaɗan, kuma sai a yi watanni bishof bai sami jirgin da zai kai shi wurinsu ba. Waɗansu suka shiga fatauci, waɗansu shaye-shaye. A Anaca ma waɗansu sun doki wata yarinya har ta mutu, aka yi musu shari'a a Saliyo. Wannan babban laifi ne, ba mai iya wanke shi. Sai dai shi Crowther ba ya korar mutum a kan jita-jita. Yakan nemi shaida, ya yi wa mai laifi faɗa, in ya ga alamar tuba ya sake ba shi dama. Watakila wani lokaci ya yi sanyin hannu fiye da kima.

Ana nan, a 1890, sai ga waɗansu samarin Turawa 'yan mishan sun iso Lakwaja, shugabanninsu Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson. Ƙasar Hausa suka nufa. Sun koyi Hausa, suna sa riga da rawani, ba sa gudun wahala, kuma ba wanda ya ce maƙaryata ne. Amma ba su daɗe a ƙasar ba suka yanke cewa aikin duka ruɓaɓɓe ne. Cikin watan Agusta aka yi taro a Anaca. Wani abokinsu mai suna Eden ya yi ta dakatar da ma'aikata baƙar fata a gaban bishof, ba tare da yardarsa ba, har da ɗansa na cikinsa, Dandeson, wanda shi ma babban limami ne. Aka haɗa mai laifi da marar laifi. Ga tsoho ya haura shekara tamanin, ya fara wannan aiki tun ba a haife su ba, suna yi masa magana kamar yaron gidansu.

Crowther bai rama ba, bai zage su ba. Ya sauka daga shugabancin kwamitin, ya rubuta wa manyan mishan a Landan bayanin abin da ya faru. Su kuwa samarin ba su kai Kano ba: Robinson ya mutu a Lakwaja a 1891, Brooke ya bi shi a 1892. Bishof kansa shanyewar jiki ta kama shi, ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba, 1891. Aka naɗa Bature a gurbinsa. Ya bar Littafi Mai Tsarki cikin Yarabanci, wanda shi ne jagoran fassara shi, da littattafan koyon Nufanci da na harshen Ibo. Jikansa ne Herbert Macaulay, ɗaya daga cikin na farko da suka nema wa Nijeriya mulkin kai.

A 2014, shekara 150 da naɗinsa, aka yi taron tunawa da shi a cikin majami'ar nan ta Kantabari. Shugaban cocin Ingila na lokacin, Justin Welby, ya tashi gaban jama'a ya amsa cewa an zalunci Crowther, ya kuma bayyana nadamar cocin a kan abin da aka yi masa.