Barthélemy Boganda: Marayan da ya yaƙi wariyar launin fata a ƙasarmu

Babban titin da ya taso daga tsakiyar birnin Bangui ya iso unguwarmu ta Kilomita Biyar sunan Barthélemy Boganda yake ɗauke da shi, kuma duk ranar 29 ga Maris ana hutu don tunawa da shi. Amma da yawa daga cikin ɗalibanmu sun fi sanin labarin Nelson Mandela fiye da nasa, alhali irin yaƙin da aka yi a Afirka ta Kudu shi ma ya yi shi a nan gida. Ba Musulmi ba ne, amma adalci ya wajabta mana mu san abin da ya yi wa ƙasar nan.

An haife shi wajen shekarar 1910 a ƙauyen Bobangui da ke yankin Lobaye, cikin ƙabilar Ngbaka. A lokacin ana kiran ƙasar Ubangi-Shari, kuma Faransa ta rarraba dazuzzukanta ga kamfanoni, su kuwa suna tilasta wa mutane tara roba. Wanda bai cika ma'auni ba ya sha bulala, wani lokaci a tsare matarsa da 'ya'yansa har sai ya kawo. Masana tarihi sun ruwaito cewa dogaran kamfani ne suka doki mahaifiyarsa har ta rasu. Yana ƙarami ya zama maraya, 'yan mishan na Katolika suka ɗauke shi suka sa shi makaranta. Ya yi karatu a Brazzaville da Yaounde, kuma a 1938 ya zama ɗan ƙasa na farko da aka naɗa limamin coci a Ubangi-Shari.

Aikin coci ya kai shi Bambari da Grimari da Bangassou. A can ya ga yadda ake tilasta wa manoma noman auduga a saya da arha, ake kwashe maza zuwa aikin hanya. Akwai kuma dokar da ta ba jami'in mulkin mallaka ikon ɗaure baƙar fata ko cin tararsa ba tare da alƙali ya saurare shi ba. Ko a cikin coci bai tsira ba, domin wasu abokan aikinsa Turawa ba su ɗauke shi tsaransu ba.

A 1946 majalisar Faransa ta soke aikin tilas, ta kuma bai wa mutanen ƙasashen da take mulka matsayin 'yan ƙasa. A watan Nuwamba na shekarar aka zaɓi Boganda ɗan majalisar dokoki a Paris. Nan da nan ya gane cewa doka a takarda daban, abin da ke faruwa a ƙauye daban. Bulala ba ta daina ba, kuma a Bangui akwai wuraren cin abinci da na shaƙatawa da baƙi ba sa shiga. Shi kansa tsarin birnin shaida ne: Turawa a bakin kogi, 'yan ƙasa da fatake a unguwannin bayan gari, irin tamu da aka raɗa wa suna da nisanta daga tsakiyar birni. Saboda haka ya riƙa tattara labaran duka da kisa yana karanta su a gaban majalisa.

A daidai wannan lokaci Afirka ta Kudu ta kama hanyar da ta fi muni. A 1948 jam'iyyar National Party ta hau mulki, a 1950 ta kafa dokar da ta rarraba mutane bisa launinsu da wadda ta ware wa kowane jinsi unguwarsa. Bambancin shi ne can an rubuta wariyar a doka, nan kuwa an goge ta daga doka an bar ta a aikace. Tushen ɗaya ne, wato ganin cewa wani mutum bai cika mutum ba.

Ranar 28 ga Satumba 1949 ya kafa jam'iyyar MESAN a Bangui. Manufarta abubuwa biyar ce da kowane talaka ya gane: ciyarwa, tufatarwa, magani, ilimi da muhalli. Aƙidarsa kuwa ya dunƙule ta cikin gajeren zance da harshen Sango, mai nuna cewa duk ɗan Adam mutum ne cikakke, kuma har yau tana rubuce a tambarin ƙasa. A wannan tsakanin ya rabu da limanci, a 1950 ya auri Bafaransa Michelle Jourdain. A 1951 aka kama shi bayan wata hatsaniya a wata kasuwar Lobaye, aka yanke masa hukuncin ɗauri, amma a shekarar jama'a suka sake zaɓensa.

Abin da ya faru a Berbérati a 1954 shi ya fi nuna halinsa. An sami gawar wasu baƙi biyu da ke aiki a gidan wani Bature, hukuma ta yi sanyin jiki wajen kama shi, gari ya ɗauki zafi. Boganda ya je ya tsaya gaban taron, ya nemi a yi shari'a ɗaya ga fari da baƙi, ya kuma hana ɗaukar fansa. Jama'a suka watse. Yaƙinsa da zalunci ne, ba da launin fatar azzalumi ba.

Ya zama magajin garin Bangui a 1956. A 1957 jam'iyyarsa ta lashe dukkan kujerun majalisar yanki, ya kuma shugabanci babbar majalisar ƙasashen tsakiyar Afirka da Faransa ke mulka. Burinsa shi ne Ubangi-Shari da Chadi da Kongo da Gabon su zama ƙasa ɗaya, don yana ganin ƙaramar ƙasa marar teku za ta sha wuya ita kaɗai. Sauran shugabanni ba su yarda ba. Ranar 1 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ya zama shugaban gwamnatinta. Shi ya tsara tutar ƙasa, inda jan layi ya ratsa sauran launuka huɗu, alamar cewa jinin kowa iri ɗaya ne.

Bai ga 'yancin kai ba. Ranar 29 ga Maris 1959 jirgin saman da ya ɗauko shi daga Berbérati ya faɗi a yankin Boda, babu wanda ya tsira. Ba a taɓa fitar da cikakken rahoton binciken ba, shi ya sa har yau ake zargin hannun maƙiya. Ƙasa ta sami 'yanci ranar 13 ga Agusta 1960 a ƙarƙashin David Dacko. Afirka ta Kudu kuwa sai da ta jira har 1994, bayan jinin Sharpeville da na irin su Imam Abdullah Haron, wanda ya rasu a hannun 'yan sanda a 1969.

'Yan uwa, mu a Kilomita Biyar mun san cewa wariya ba ta tsaya ga launin fata ba. A 2014 unguwar nan ta zama kamar kurkuku, dubban 'yan uwanmu suka gudu Chadi da Kamaru, kuma maƙwabtanmu Kiristoci su ma sun binne nasu a hannun 'yan bindiga. Har yanzu akwai wanda aka haifi kakansa a nan, amma saboda sunansa ake tambayarsa daga ina ya zo. Haƙƙinmu ne mu nemi a yi mana adalci da aƙidar da ke kan tambarin ƙasa, sai dai wanda ya nemi a auna masa da mudu cikakke dole shi ma ya cika wa wasu. Mu duba yadda muke kallon wanda ba ƙabilarmu ba a sahun sallah, da wajen neman aure, da sabon musulunta da ba ya jin Hausa ko Fulatanci. Suratul Hujurat ta sanar da mu cewa an yi mu ƙabilu ne don mu san juna, kuma fifiko na ga taƙawa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu ikon yi wa kowa adalci. Amin.