Likita Kalmet: Mutumin Da Ya Nemi Magani A Bakin Gamsheƙa

Da yawanmu muna ɗauke da tabon allurar BCG a dantse, amma kaɗan ne suka san cewa harafin C da ke tsakiya sunan mutum ne. Shi ne likita Alber Kalmet, wanda Faransawa ke rubutawa Albert Calmette. An haife shi a birnin Nis na ƙasar Faransa ranar 12 ga Yuli, 1863. Ya fara aiki a matsayin likitan sojan ruwa, har ya taɓa zama a Gabon.

A 1891 Luwi Pasto ya tura shi Saigon, cikin Biyetnam, ya buɗe cibiyar bincike. A shekarar nan ruwa ya yi ambaliya a yankin Bak Liyu, gamsheƙai suka kwararo cikin gidaje suka sari mutane, wasu suka mutu. Wani gardi ya kama macizan aka aika wa Kalmet. Daga nan ya tsunduma cikin binciken dafi. Dabararsa ita ce a riƙa yi wa dabba allurar dafi kaɗan-kaɗan, ana ƙarawa sannu a hankali, har jikinta ya saba. Sai a ɗebi jininta a tace, ruwan da ya fito ya zama makari. Ya bayyana wannan a 1894, daga baya kuma a garin Lil ya riƙa amfani da dawaki don samun makarin da yawa. Har gobe da wannan hanya ake yin maganin da ke ceton wanda kububuwa ta sara, daga asibitin Kaltungo har zuwa nan Abijan.

Aikin BCG kuwa ya ci masa shekara 13 shi da Kamil Geran, aka fara yi wa jariri a 1921. A 1930 jarirai fiye da 70 suka mutu a Lubek ta Jamus bayan an ba su rigakafin. Bincike ya nuna a can aka gurɓata shi da ƙwayar tarin fuka mai rai, aka wanke Kalmet, amma abin ya karya masa zuciya.

Abin da ya sa muka tuno shi yau shi ne ciwon gaɓoɓi, wanda duk ɗan kasuwar da ya tsufa a kan buhu da doguwar tafiya ya san shi. A 1933 Kalmet da abokan aikinsa sun gwada dafin gamsheƙa kan ɓeraye masu sankara, a lokacin da wasu likitoci a Faris ke yi wa masu ciwon daji allurar ɗan ƙanƙanin dafin don rage raɗaɗi. A 1936 likita Debid Makt na Baltimo a Amurka ya ba da rahoton cewa dafin yana kwantar da zafi, ya fi mofin jinkirin kamawa amma ya fi shi daɗewa. Daga nan aka gwada shi kan masu ciwon gaɓoɓi. Dalili kuwa, wasu sinadaran dafin suna toshe saƙon da jijiya ke kaiwa. Toshewar nan ce ke tsayar da numfashin wanda aka sara, don haka tsakanin magani da ajali awo ne kawai.

A ƙasar Sin ana amfani da wani sinadari na dafin gamsheƙa don rage zafi, kuma maganin hawan jini Captopril ya samo asali daga binciken dafin wani macijin Barazil. Amma batun kumburin gaɓoɓi, yawancin gwajin a kan ɓeraye ya tsaya. Saboda haka kwalaben da ake tallatawa da hoton maciji daga Ajame zuwa kasuwar Belbil ta Tireshbil, a ganinmu, hoton kawai suka haɗa da aikin Kalmet. Mai gwiwa a kumbure ya fara zuwa asibiti kafin ya kwance lalitarsa.

Kalmet ya rasu a Faris ranar 29 ga Oktoba, 1933, yana da shekara 70, yana kuma mataimakin shugaban Cibiyar Pasto.