Rowland Bingham: Bawan Allah Da Ya Koma Gida Sau Biyu Hannu Wofi

Sunan Bingham ba baƙo ba ne a kunnen Kiristocin Arewacin Nijeriya. Akwai jami'a a Karu da asibitin koyarwa a Jos da ake kira da sunansa. Wanda ya ga waɗannan zai zaci mutum ne da duk abin da ya taɓa sai ya yi albarka. Amma kafin aikinsa ya ba da 'ya'ya, sau biyu yana zuwa Nijeriya yana komawa gida da ciwo da karayar zuciya. Yadda Ubangiji ya sabunta ƙarfinsa a waɗannan kwanaki shi ne abin da muke so mu duba.

An haifi Rowland Victor Bingham ranar 19 ga Disamba, 1872, a garin East Grinstead a ƙasar Ingila. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, don haka ya san wahala da wuri. Ya karɓi Yesu Almasihu ta wurin wa'azin ƙungiyar Salvation Army, wato Rundunar Ceto. Yana da shekara 16 ya ƙetare teku zuwa Kanada, can kuwa ya ci gaba da wa'azin bishara.

A birnin Toronto ya sadu da wata dattijuwa mai tsoron Allah, mahaifiyar wani saurayi mai suna Walter Gowans. Ita ce ta ba shi labarin ƙasar Sudan. A zamanin nan, in an ce Sudan ana nufin dukan shimfiɗar ƙasa da ke kudu da hamadar Sahara, tun daga yammacin Afirka har zuwa Kogin Nilu, har da ƙasar Hausa da ƙasar Nufe da ƙabilun kan duwatsu. Miliyoyin mutane ke zaune a cikinta, bishara kuwa ba ta kai gare su ba. Maganar ta kama zuciyar Bingham, ya tashi ya bi Walter Gowans zuwa Ingila. Na ukunsu shi ne Thomas Kent, mutumin Amurka. Sun nemi ƙungiyoyin mishan su aike su, ba wadda ta yarda. Sai suka haɗa ɗan abin da ke hannunsu suka shiga jirgin ruwa.

Sun sauka a Legas ranar 4 ga Disamba, 1893, saura mako biyu Bingham ya cika shekara 21. Turawan mishan da suka tarar a can suka gargaɗe su cewa ba za su kai cikin ƙasar da rai ba. Ba a daɗe ba zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham. Aka shirya ya zauna a Legas yana aika musu da kaya, su biyun kuma suka nufi Arewa. A cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, cikin Jihar Kaduna ta yanzu, Kent kuma ya rasu a Bida. A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai. Ba su kafa tasha ba, ba su bar ikkilisiya ba, sai kaburbura biyu.

Wannan abu ya girgiza bangaskiyarsa ƙwarai. Ya tafi da tabbacin cewa Allah ne ya kira su, ya kuma ɗauka cewa wanda ya fita cikin biyayya za a tsare shi daga cuta da mutuwa. To, ga abokansa, samari masu ƙaunar Ubangiji, sun mutu tun ba su soma aikin ba. Tambayoyi suka cika masa zuciya, har ya soma shakkar alkawaran da ya dogara gare su.

Abu biyu ne Allah ya yi amfani da su ya tashe shi. Na fari, ya je ya kai wa mahaifiyar Gowans ɗan kayan da ɗanta ya bari. Shi ne ya je yi mata ta'aziyya, sai ga shi ita ce ta ƙarfafa shi. Ta nuna masa cewa mutuwar ɗanta cikin biyayya ga Ubangiji ta fiye mata a ce yana zaune a gida da rai cikin rashin biyayya. Ta kuwa ci gaba da yi wa Sudan addu'a. Na biyu, bai rufe Littafi Mai Tsarki don fushi ba. Ya koma cikinsa da tambayoyinsa, yana bincike wata da watanni, har ya gane cewa Allah bai yi wa bayinsa alkawarin hanya marar ƙaya ba. Alkawarinsa shi ne zai kasance tare da su har ƙarshe. Ya kuma gane cewa shan magani ba rashin bangaskiya ba ne. Don haka ya koyi aikin jinya a wani asibiti, ya shiga makarantar Littafi Mai Tsarki, ya yi aikin fasto a garin Newburgh a Amurka. A 1898 ya auri Helen Blair, aka kuma sake kafa ƙungiyar mishan ɗin.

A 1900 ya sake zuwa Legas tare da samari biyu. Cikin 'yan makonni zazzaɓi ya sake kama shi, aka sa shi a jirgi aka mai da shi gida. Abokan tafiyarsa suka tsorata da labaran da suka ji, su ma suka biyo bayansa. Shi da kansa ya shaida daga baya cewa wannan ne lokaci mafi duhu a dukan rayuwarsa. Shekara bakwai ke nan da farawa, babu abin nunawa. Mutane da yawa sun ga lokaci ya yi da zai haƙura ya nemi wani aiki.

A nan ne Bingham ya koyi darasi mai wuya. Burinsa shi ne ya shiga cikin ƙasar da ƙafarsa ya yi wa'azi, amma jikinsa ya ƙi. Sai ya yarda ya karɓi matsayin da bai zaɓa wa kansa ba, wato ya zauna a gida yana neman ma'aikata, yana tara masu addu'a da masu bayarwa, yana aika waɗansu su shiga inda shi ya kāsa shiga. A 1901 ya aiki mutum huɗu, a 1902 kuma suka kafa tasha ta farko a Patigi, a bakin Kogin Kwara, cikin ƙasar Nufe. A lokacin likitoci sun riga sun gano cewa sauro ne ke kawo zazzaɓin, shan kwinin a kai a kai kuma ya rage mutuwa. Duk da haka ba a daɗe ba cikin su huɗun sai Alex Banfield kaɗai ya rage a bakin aiki, shi ne kuwa ya fassara Littafi Mai Tsarki cikin harshen Nufanci.

Sannu ba ta hana zuwa. Likita Andrew Stirrett, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Bature Mai Magani, ya iso a 1902, ya yi aiki a ƙasar nan har rasuwarsa a 1948. Aka buɗe tashoshi a Wushishi, da Egbe, da Kwoi, da Miango, da sauran wurare. Ƙungiyar, wadda aka sani da suna Sudan Interior Mission ko SIM, ta shiga Damagaram a Nijar a 1924, ta shiga Habasha a 1927. Bingham ya rayu har ya ziyarci Nijeriya ya ga masu bi da idonsa a ƙasar da ta kore shi sau biyu. Ya rasu a Kanada a watan Disamba, 1942, kwanaki kaɗan kafin ya cika shekara 70, ya bar ɗaruruwan ma'aikata a filin bishara. A 1954 ikkilisiyoyin da suka fito daga wannan aiki suka haɗu suka zama ECWA.

'Yan'uwa ɗalibai da malamai, gajiya da fid da zuciya ba alamar Allah ya yashe mutum ba ne. A cikin 1 Sarakuna sura 19 mun ga annabi Iliya kansa ya gudu jeji ya zauna a gindin itace yana roƙon mutuwa. Ubangiji bai tsauta masa ba. Ya ba shi abinci da barci, ya yi magana da shi, sa'an nan ya ba shi sabon aiki. Haka ya yi da Bingham.

Wataƙila a cikinmu akwai wanda ya faɗi jarrabawa sau biyu, ko wanda aka kora gida don kuɗin makaranta, ko wadda ta rasa mahaifi cikin shekarar nan, ko malamin da ya gaji da koyarwa. Kada ka ɓoye damuwarka. Ka kai ta gaban Ubangiji cikin addu'a yadda take, ka riƙe Littafinka a buɗe, ka nemi dattijon mai bi ka gaya masa. In kuma Allah ya rufe ƙofar da kake so ya buɗe wata, ka shiga da godiya. Komai nisan dare gari zai waye. Ubangiji ya sabunta ƙarfin dukan wanda ya gaji a cikinmu. Amin.