Leonid Kubetsky

Leonid Aleksandrovich Kubetsky (1906 – 1959) masanin fiziks ne kuma injiniya ɗan Tarayyar Sobiyet. An fi saninsa da ƙirƙiro bututun ninka haske, na'urar da ke iya gano haske mai rauni ƙwarai, har zuwa ƙwayar haske guda ɗaya da ake kira foton. An haife shi a Tsarskoye Selo kusa da birnin St. Petersburg, ya rasu a Mosko.

Aikinsa

A shekarar 1930, yana ɗan shekara 24, ya gabatar da dabararsa. Idan haske ya faɗa kan wani faranti na musamman a cikin bututun gilashi da aka zuƙe wa iska, yakan fizgo elektron, amma wutar da ke samuwa ba ta kai a auna ba. Kubetsky ya jera wasu farantai a bayan na farko, kowanne da ƙarfin lantarki fiye da na gabansa. Elektron ɗaya zai bugi faranti ya fitar da da yawa, su kuma su bugi na gaba, a haka har su taru su zama wutar da mita za ta gani. Ya yi amfani da maganaɗisu wajen karkata su daga faranti zuwa faranti. A 1934 bututunsa ya ninka wutar sau dubu ko fiye. Na zamani suna ninkawa sau miliyan.

Farantin farko na wancan lokaci, na azurfa da siziyam, ba ya kama ko foton ɗaya cikin ɗari. Na yau da yawa suna kama kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Taƙaddamar wanda ya fara

A watan Satumba na 1934 Vladimir Zworykin na kamfanin RCA da ke Amurka ya ziyarci Tarayyar Sobiyet, aka nuna masa bututun. A 1936 shi da George Morton da Louis Malter suka wallafa bayanin nasu bututun mai matakai da yawa. Littattafan Turai da Amurka sun daɗe suna danganta ƙirƙirar ga RCA, abin da masanan Rasha ke ganin tauye haƙƙi ne. A Rasha an kira na'urar tasa bututun Kubetsky.

An ba shi Lambar Yabo ta Stalin a 1948. A yau ana amfani da irin bututun a na'urorin hoton asibiti, kuma akwai kimanin 11,000 a cibiyar Super-Kamiokande ta Japan.