Mai Shari'a Muhammadu Bello (1930–2004): Alƙalin Alƙalan da Majalisar Dattawa Ba ta Taɓa Tantancewa Ba

A ƙasar Dambatta da Makoɗa da Kunci, inda gona ke manne da gona har babu saurar da za a bari ta huta, ba abin mamaki ba ne rigimar iyaka ko rabon gado ta kai 'yan uwa gaban alƙali. Yawancin irin waɗannan ƙararraki a kotun farko suke mutuwa, ko dattawa su kashe wutar tun a zauren dagaci. Kaɗan daga cikinsu kan hau zuwa Babbar Kotu ko Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a Kano, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, sannan Kotun Ƙoli, wadda daga ita babu sauran inda za a kai kuka a duniya. Manomin da ƙararsa ta kai can bai san mutanen da za su yanke masa hukunci ba, bai zaɓe su ba, ba kuma shi da hanyar sauke su. Saboda haka tambayar wa ya naɗa alƙalin, wa kuma ya tabbatar da naɗin, ta shafe shi ko da bai taɓa jin ana yin ta ba. Wannan maƙala ta bi rayuwar Mai Shari'a Muhammadu Bello, ɗan Arewa na farko da ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, da wannan tambaya a zuci.

Tasowarsa

An haife shi a birnin Katsina a 1930, a gidan ilimi. Mahaifinsa, Malam Gidado, muhuti ne, wato malamin da ke zama tare da alƙali yana taimaka masa da nassi da rubutu. Ke nan tun yana yaro ya san yadda ake zaman shari'a a tsarin Malikiyya: mai ƙara ya kawo shaidu, wanda ake ƙara ya yi rantsuwa, alƙali ya duba Mukhtasar ko Tuhfa ya yanke. Ya yi karatun boko a Katsina har Midil.

Lokacin da ya kai ƙarfi, Jihar Arewa na fama da wata matsala da ba ta ɓoyuwa. Tana da ɗaruruwan alƙalai masana fiƙihu a kotunan En'e, amma kusan ba ta da ɗanta ko ɗaya da zai iya tsayawa a kotun Turawa a matsayin lauya. Mulkin kai kuwa na matsowa. Sai gwamnati ta zaɓi wasu samari, cikinsu har da Bello da ɗan garinsu Mamman Nasir da Buba Arɗo na Adamawa, domin a horar da su. Bello ya fara zuwa Kwalejin Jami'a ta Ibadan ya koyi Latinanci, wanda a wancan zamani sharaɗi ne ga mai neman karatun lauya a Ingila, sannan ya wuce Lincoln's Inn a Landan. Ya dawo gida ya kama aikin lauyan gwamnati a 1956.

Ya shiga aiki daidai lokacin da ake sauya wa shari'ar Arewa fasali. Tun hukuncin Tsofo Gubba na 1947, inda kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin kisan da kotun Sarkin Gwandu ta yanke, ake ta-in-sa tsakanin alƙalan En'e da jojin Turawa a kan wanda maganarsa ce ta ƙarshe a laifukan jini. A 1958 gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Shawararsu ce ta haifi kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960. Samari irin su Bello aka ɗora wa nauyin aiwatar da shi, kuma sun dace da aikin ta wata fuska da Bature bai dace ba, domin sun san abin da alƙalin En'e ya rasa da aka karɓe masa hukuncin laifuka daga littattafan da ya tashi a kansu. Ya zama majistare a 1961, ya yi ƙarin karatu a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya zama Daraktan Gabatar da Ƙararraki na Jihar Arewa a 1964. A 1966, shekarar da aka kashe Sardauna soja suka karɓi mulki, ya hau kujerar jojin Babbar Kotu.

Daga nan duk wani hawa da ya yi, a hannun soja ya yi shi. A 1975, shekarar da Janar Murtala Muhammad ya karɓi mulki ya kuma sauke Alƙalin Alƙalai Taslim Elias, aka kai Bello Kotun Ƙoli a Legas. Ya kamata mai karatu ya lura cewa a lokacin ita kaɗai ce kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya. An daina kai ƙara Landan tun 1963, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya kuwa sai a 1976 aka kafa ta, inda Dan Ibekwe ya fara shugabantarta, Mamman Nasir ya gaje shi a 1978. Abokan karatun nan biyu 'yan Katsina sun wayi gari ɗaya na shugabantar kotun tsakiya, ɗaya na zaune a ta sama.

Ƙuri'un Kano

Shari'ar da ta fi shafar mutanen ƙasar Kano cikin waɗanda ya zauna a kansu ba ta gona ba ce, ta ƙuri'a ce. A zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Agusta 1979, doka ta ce sai ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohin ƙasar. Jihohi 19 ne a lokacin. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12. Ta goma sha uku ita ce Kano, wadda ta haɗa da Jigawa ta yau, inda talakawan birni da ƙauye suka zuba wa Malam Aminu Kano na PRP mafi rinjayen ƙuri'unsu. Cikin ƙuri'a 1,220,763 da aka kaɗa, Shagari ya sami 243,423, wato kashi 19.94 cikin ɗari.

Cif Obafemi Awolowo ya kai ƙara cewa kashi biyu cikin uku na 19 jihohi 13 ne, tun da jiha ba ta yankuwa. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da kashi biyu cikin uku na jiha guda. Alƙalai bakwai suka zauna, Bello na cikinsu, tare da Fatayi-Williams da Irikefe da Idigbe da Obaseki da Eso da Uwais. A 26 ga Satumba, kwana biyar kafin ranar miƙa mulki, kotun ta tabbatar da zaɓen Shagari, Kayode Eso ne kaɗai ya saɓa. Lissafin da aka karɓa shi ne a rage jimillar ƙuri'un Kano zuwa kashi biyu cikin uku, wato 813,842, a nemi rubu'insa, abin da ya ɗan haura 203,460. Ƙuri'un Shagari sun wuce haka.

Sukar da aka yi wa wannan lissafi tana da ƙarfi: an rage jimilla, ba a rage rabon Shagari ba. Wanda ya taɓa zaman rabon gado ya san idan an yi auli kowane magaji ake rage wa, ba a ware ɗaya. A ɗaya ɓangaren kuma, soja sun sa ranar tafiya, kuma babu wanda ya san abin da zai biyo baya da kotu ta rushe zaɓen. A ganin wannan marubuci, rinjayen alƙalan sun auna zaman lafiyar ƙasa fiye da yadda suka auna lissafi. Sai dai manomin Bichi da ya yi layi cikin damina ya dangwala wa Malam Aminu yana da haƙƙin tambayar ko ƙuri'arsa na cikin kashi ɗayan da aka zubar.

Sanata da tantancewa

Shekara biyu bayan haka batun tantancewa da kansa ya zo gabansa. Shugaba Shagari ya naɗa Mai Shari'a Victor Ovie-Whiskey, Babban Jojin Jihar Bendel, shugaban hukumar zaɓe ta ƙasa. Sanata Abraham Adesanya ya ƙi amincewa a zauren Majalisar Dattawa, yana ganin tsarin mulki bai yarda joji mai ci ya riƙe wannan muƙami ba. Aka rinjaye shi, majalisa ta tabbatar da naɗin, shi kuwa ya garzaya kotu. A 1981 Kotun Ƙoli ta ce ba shi da hurumin shigar da ƙarar.

Duk alƙalan sun haɗu a kan sakamakon, amma dalilin Bello ne ya fi yin tasiri. Ya fassara sashe na 6(6)(b) na tsarin mulkin 1979 da cewa kotu ba ta sauraron kowa sai wanda abin da ake ƙorafi a kai ya taɓa haƙƙinsa na kansa. Sanatan da ya faɗi a ƙuri'a babu abin da aka ƙwace masa, don haka ba zai mai da kotu zagaye na biyu na muhawarar majalisa ba. Hujjar na da kyau ta fuskar raba iko. Illarta ita ce kotunan ƙasa sun riƙe ta shekara da shekaru suna korar masu ƙara tun daga bakin ƙofa. Idan hukuma ta taka doka ta hanyar da ta cuci kowa daidai wa daida, sai ya zama babu mai ikon kai ta ƙara, tun da babu wanda cutarwarsa ta fi ta wani. Sai a 2018, a ƙarar da wata ƙungiyar sa ido kan gurɓatar muhalli ta kai kamfanin NNPC, Kotun Ƙoli ta sassauta wannan ƙa'ida sosai.

Shugabancin kotu

A 1987 Janar Ibrahim Babangida ya naɗa shi Alƙalin Alƙalan Nijeriya bayan Ayo Irikefe ya yi ritaya. Da a ƙarƙashin tsarin mulkin 1979 ne yadda aka rubuta shi, sai Majalisar Dattawa ta amince. Amma soja sun rufe majalisa tun ƙarshen 1983, don haka majalisar mulkin soja ce ta yi naɗin, ita ce kuma ta tabbatar. Babu mai musun cancantarsa, domin ya shekara goma sha biyu a kotun. Abin lura dai shi ne mutumin da ya hana sanata ƙalubalantar tantancewa bai taɓa tsayawa gaban sanata ko ɗaya ba, kuma waɗanda suka ɗora shi su ne masu kafa dokokin da ke hana kotu duba ayyukansu.

Ya yi aikin da ya daɗe. A zamaninsa aka kafa Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa a 1991, wadda ta mai da ci gaba da karatu wani ɓangare na aikin joji da ƙadi da majistare. Harabarta a Abuja sunansa take ɗauke da shi. Kotun da ya shugabanta kuma ta ƙunshi manyan masana irin su Eso da Oputa da Obaseki da Karibi-Whyte, kuma an san shi da sauƙin kai da rashin son hayaniya.

Ƙarshen zamaninsa ne ya yi ɗaci. Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, shi ya rantsar da Cif Ernest Shonekan a matsayin shugaban gwamnatin riƙon ƙwarya, gwamnatin da wata Babbar Kotu a Legas ta ce haramtacciya ce a watan Nuwamba na shekarar. Sannan ga batun motoci. Jaridar Weekend Concord, mallakar Cif Moshood Abiola, ta buga labarin cewa gwamnatin Babangida ta ba alƙalan Kotun Ƙoli motocin Marsandi, ta kuma danganta kyautar da neman yardarsu. Bello da abokan aikinsa suka kai jaridar ƙara suna neman diyyar ɓata suna. Ko da labarin ƙarya ne, wannan mataki kuskure ne, domin alƙalan kotun ƙarshe sun mai da kansu masu ƙara a gaban jojin da ke ƙarƙashinsu, a shari'ar da in an ɗaukaka ta wurinsu za ta dawo.

Ba a jima ba kuskuren ya nuna kansa. An tsare Abiola a 1994 bisa zargin cin amanar ƙasa. Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna ta ba da belinsa a ƙarshen shekarar, gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙi sakinsa, magana ta kai Kotun Ƙoli. Lauyansa G.O.K. Ajayi ya nemi alƙalan da ke shari'a da jaridar Abiola su janye. A 1995 Bello da kansa ya karanta hukuncin da ya amince da buƙatar, alƙalai takwas suka janye, bisa ƙa'idar cewa mutum ba ya zama alƙali inda ake iya zarginsa da son rai. Hukuncin daidai ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne shugaban kotu ya yanke shi a kan kansa. Sai dai waɗanda suka rage ba su kai adadin da ake buƙata don a zauna ba, ikon naɗa sababbi kuwa yana hannun Abacha shi kaɗai, ba majalisar da za ta matsa masa. Ya ƙi cike guraben. Bello ya yi ritaya a Disamba 1995 yana da shekara 65, Muhammadu Lawal Uwais na Zariya ya gaje shi. Abiola ya rasu a tsare a 7 ga Yuli 1998 ba a saurari ƙarar ba.

Bello ya rasu a watan Nuwamba 2004. A lokacin tsarin mulkin 1999 ya riga ya mai da naɗin Alƙalin Alƙalai, da alƙalan Kotun Ƙoli, da Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, abin da Majalisar Shari'a ta Ƙasa ke ba da shawara a kai, shugaban ƙasa ya naɗa, Majalisar Dattawa ta tabbatar. Sauran alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara, waɗanda a gabansu yawancin rigingimun gona da gado na karkarar Kano ke tsayawa, har yau ba sa bi ta majalisa. A 2011 Dahiru Musdapher, haifaffen Ɓaɓura da ke maƙwabtaka da Dambatta, wanda ya riƙe Babban Jojin Kano kafin ya shekara goma sha takwas a Kotun Ɗaukaka Ƙara, ya hau kujerar da Bello ya zauna, bayan sanatoci sun tabbatar da naɗinsa.