Nikolas na Mira, limamin cocin da ya rikiɗe ya zama Santa Claus

Dattijon nan mai farin gemu da jar riga da ke raba wa yara kyauta a lokacin Kirsimeti, wanda a Nijeriya aka fi sani da Father Christmas, a wasu ƙasashe kuma Santa Claus, yana da asali a jikin wani mutum da ya rayu fiye da shekaru 1,600 da suka wuce. Sunansa Nikolas, kuma bai taɓa zama a ƙasar ƙanƙara ba.

An haife shi wajen shekara ta 270 Miladiyya a Patara, wani garin bakin teku a yankin Lisiya, kudancin Turkiyya ta yau, lokacin yankin na ƙarƙashin Daular Rum. Ruwayoyi sun ce iyayensa attajirai ne, annoba ta ɗauke su yana matashi, ya gaji dukiya mai yawa. Daga baya ya zama bishop na birnin Mira, wanda yanzu ake kira Demre. Ana kuma cewa an ɗaure shi a zamanin Sarki Diyokiletiyan, wanda ya ƙaddamar da tsananta wa Kiristoci a 303, ya sami 'yanci bayan hawan Sarki Konstantin.

Labarin da ya ɗaukaka sunansa shi ne na wani mutum da ya talauce yana da 'ya'ya mata uku. A al'adar wurin, uban amarya ke ba da dukiyar da za ta tafi da ita gidan miji, kusan kamar nauyin kayan ɗaki da gara a ƙasar Hausa; wadda ba ta da ita ba ta samun manemi. Uban ya kai ga tunanin sakin 'ya'yan nasa su shiga karuwanci. Da Nikolas ya ji, sai ya laɓaɓa da dare ya jefa jakar zinariya ta taga, aka aurar da babbar. Ya sake yi, aka aurar da ta biyu. A karo na uku uban ya yi kwanton ɓauna ya kama shi, Nikolas ya roƙe shi da ya rufa masa asiri. Abin lura a nan shi ne ɓoye hannun da ya yi, domin kada ya zubar da mutuncin magidancin. Daga wannan ne al'adar ajiye kyauta cikin dare, yara na barci, ta samo tushe.

Nikolas bai bar rubutu ko ɗaya ba, kuma cikakken tarihinsa mafi tsufa an rubuta shi ne ƙarnoni bayan rasuwarsa, saboda haka masana ke taka-tsantsan da yawancin ruwayoyin. An fi yarda ya rasu ranar 6 ga Disamba, wajen 343. A 1087 wasu matuƙan jirgin ruwa daga Bari ta Italiya suka kwashe ƙasusuwansa daga Mira zuwa garinsu, aka gina babban coci a kansu.

A Turai, ranar rasuwarsa ta zama ranar yi wa yara kyauta. Masu gyaran coci na ƙarni na 16, ciki har da Martin Luther, ba su so girmama waliyyai ba, sai aka karkatar da kyautar zuwa Kirsimeti. Duk da haka mutanen Holan suka riƙe nasu Sinterklaas, wanda har yau ake bikinsa a daren 5 ga Disamba, kuma daga wannan suna ne Santa Claus ya fito a Amurka.

A can ne aka tuɓe masa rigar limanci. Wata rubutacciyar waƙa da aka buga a 1823 ta ba shi keken ƙanƙara da bareyi takwas da shiga gida ta bututun hayaƙi. Mai zane Thomas Nast ya fara fito da siffarsa a mujallar Harper's Weekly a 1863, sannan tallace-tallacen Coca-Cola da Haddon Sundblom ya zana daga 1931 suka yaɗa ta a duniya. Masu cewa kamfanin ne ya ƙirƙiri jar rigar sun yi kuskure, domin ta riga tallan. Father Christmas na Ingila kuwa da can alamar shagali da ciye-ciye ne kawai, sai a ƙarni na 19 ya narke cikin Santa.

Mabiya cocin Otodoks ba su bi wannan sauyi ba, har yanzu bishop suke ganinsa. A 2017 an kai wani yanki na haƙarƙarinsa daga Bari zuwa Rasha na ɗan lokaci, inda jama'a suka yi ta bin dogayen layuka a Mosko da San Pitasbag domin ziyartarsa.